Minti Shida a Barandar Asibiti

Ranar Talatar nan, ƙarfe shida na safe, na tarar da ɗana Iliyasu a tsakar gida yana ɗaga jarkoki biyu da ya cika da yashi. Ni na auna masa su, kilo goma kowacce. Shekararsa talatin da ɗaya, maginin rijiya ne. Wata biyar ke nan ciwon zuciya ya zaunar da shi, kuma damina saura mako shida. In ruwa ya sauka, aikin rijiya sai baɗi.

Ƙarfe bakwai ya ƙi zama ya sha koko. A tsaye ya sha, yana leƙen ƙofa.

Ƙarfe tara muna asibiti a Birnin Kudu, wajen Malama Mansura, mai koya wa majinyata motsa jiki. Ita za ta ce ko ya koma aiki. Ta sa shi tafiya a baranda, kai da komo, minti shida. Ya yi mita ɗari huɗu da goma. Ya ɗaga kilo goma sha biyar zuwa ƙugu sau goma. Ina rubutawa, don lissafi na koyar shekara talatin.

Sai ta nuna masa takarda mai lambobi.

"Malam Iliyasu, daga sifiri zuwa goma, nawa numfashi ya takura ka?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi."

"Ban ga da sauƙi a takardata ba. Lamba nake so."

"To, Malama, sa biyu. Ɗayan ma na yunwa ne."

Ta yi dariya, ta rubuta biyu. Ina gefensa, na ga yadda ya danne gwiwarsa da hannu. Na bar biyun a takardar. Tun yana ƙarami ni na koya masa cewa in an tambayi mutum jiki, da sauƙi ake cewa. Haka mahaifina ya amsa har ranar da ya cika.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta ba shi takarda: jan guga a bakin rijiya, rabin wuni, ban da shiga ciki.

Ƙarfe biyu yana gyaran igiya. Matarsa Lailatu ta ce, "Ko igiyar za ka aura ne?" Ya ce ai igiya ba ta gorin magani. Bayan la'asar ya wasa diga, ya sake wasa ta, ya tambaye ni lokaci sau uku.

Washegari ya tafi Gwaram, inda abokin aikinsa Nuru ke haƙa. Bai saɓa takardar ba, Nuru ya rantse mini. Guga na ashirin da uku ya ja, ya ɗaure igiyar don kada ƙasar gugan ta koma kan wanda ke cikin rijiyar, ya zauna, ya nemi ruwa. Kafin a kawo ya cika.

Igiya da diga na ba Nuru. Tufafinsa mahaifiyarsa ta raba bayan arba'in. Yashin jarkokin na zube a bakin ƙofa, Lailatu tana ɗebo ruwa da su yanzu. Takardar komawa aikin kuwa na mayar wa Malama Mansura. Na ce ta gyara biyun nan da ta rubuta a tata takardar. Ta tambaye ni nawa za ta sa. Na ce abin da na gani ya kai bakwai.