Takalmin Manaja Ƙafa Ɗaya

A shekarun da zan ba ku labarinsu, da za a tara duk masu wayon Rigasa a filin idi a ce a fitar da liman, ni za a tura gaba. Haka nake faɗa wa kowa, kuma har zuciyata na yarda. Tayoyin mota na hannu nake sayarwa a wajen Mando, Allah Ya hore mini tumbi daidai gwargwado da bakin da ba ya gajiya. Wayata kuwa makulli uku gare ta: sai ta ga fuskata, ta ji ɗan yatsana, sannan a danna lambobin da ko matata ba ta sani ba. Idan 'yan damfara suka kira wai daga banki suke, sai in ƙara murya majalisa ta taru, in yi ta karanto musu lambar jikin taya a matsayin lambar katina, har katin wayarsu ya ƙare su zage ni su kashe. Nakan ce wanda zai cuce ni ta waya, kakarsa ma ba a haife ta ba tukuna.

Daga majalisa ne barkwancina ya koma dandalin sada zumunta. Kun san jiragen sojan sama ba sa rabuwa da samaniyar Mando. To duk wanda ya wuce sai in ɗaga waya in nuna shi, in ce nawa ne, na aike shi ɗauko taya, kuma zan kori direban don ya makara. Idan mai babbar mota ya kawo canjin taya, in jingina da ita in ce ita ce ta zuwa cefane. Mutane suka sa mini Alhaji Mai Jirage. Maƙwabtana da suka san babur ɗina sai an tura yake tashi suna dariya har da hawaye. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, yawancin masu kallona ba su san babur ɗin ba. Kuma ban tsaya a shago ba. Na ɗauki ƙofar gidana, na ɗauki layinmu da kwatar da muke tsallakewa, na ɗauki allon makarantar Islamiyyar da 'yata ke zuwa bayan la'asar, ranar da ta yi na ɗaya a hadda.

Yarinyar nan ita ce autata, lokacin ba ta wuce shekara takwas ba. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba mai kiran sunanta na yanka, kowa Ummi yake cewa. Ni kaɗai nake kiranta Manaja, saboda da na dawo gida sai ta tare ni ta tambayi taya nawa aka sayar, in na yi ƙari ta ce Baba ka rage. Da maganar satar yara ta yi yawa a gari, sai na ƙirƙiro dabarar da na ɗauka ko jami'an tsaro sai sun zo koyo wurina. Na zaunar da ita na ce duk wanda ya zo ya ce ni na aiko shi, ta tambaye shi sunan da Baba yake kiranta a cikin gida. In bai ce Manaja ba, ta kurma ihu. Mu uku muka san wannan, ni da ita da uwarta. Na kwana biyu ina jin kaina kamar na kewaye gidan da katangar ƙarfe.

A cikin masu bibiyata akwai wani da bai taɓa barin bidiyona ya wuce bai yi magana ba. Hoton furen fulawa ne a shafinsa, ba fuska. Ranka ya daɗe yake ce mini, yana yaba ni har in ji kaina ya kumbura. Jifa-jifa yakan jefo tambaya cikin raha. Ya ce wace Islamiyya ce haka mai ƙoƙari, yana son sa 'yarsa. Na gaya masa, har da lokacin tashi. Ya ce Alhaji guda da jirage ai ba ya zuwa ɗaukar yara da kansa. Na ce ina, ita kaɗai take dawowa da ƙawayenta, jaruma ce kamar ubanta. Wata rana ina ɗaukar bidiyo a tsakar gida ta kawo mini kunu, ban ankara ba na ce Manaja ajiye nan. Fuskarta ma ba ta fito ba, hannunta kawai. Da yamma sai ga shi yana tambaya wane ne Manaja, ko mai kula da jiragen ne. Jama'a, raha ce ta zo har ƙofa, ni kuwa ban iya mayar da raha ba. Na ce ai autata ce, ita ke riƙe da kamfanin gaba ɗaya. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi, na juya na ci gaba da shan kununa.

Ranar da abin ya faru, tun da safe na sanar wa duniya daga tasha cewa na tafi Kano duba jiragena, sai gobe. Gaskiyar ita ce taya na je saye. Na yi ta ɗauke-ɗauke a hanya har cajin wayar ya ƙare. Sauran labarin daga bakin Malamarsu na ji shi. Ta ce ana dab da tashi wani mutum ya yi sallama, fes da shi cikin farin yadi, ya ce na yi hatsari a hanyar Zariya, matata tana asibiti a kaina, an aiko shi ya kai Ummi. Ya faɗi sana'ata, ya faɗi layinmu, ya faɗi inda na tafi. Malama ta kira wayata ta ji a kashe, hankalinta ya tashi. Ita kuwa yarinya, cikin kuka, ta yi abin da ubanta mai wayo ya koya mata. Ta tambaye shi sunan. Ya durƙusa daidai tsayinta, ya yi murmushi, ya ce Manaja, taho Baba yana jira. Ta miƙa masa hannu da kanta.

Allah ne Ya sa Malama ta kira matata don ta yi mata jaje, ba don zargi ba. Matata ta ɗauka tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ce wane asibiti. Malama ta ce ba ta san lokacin da ta yar da wayar ta fita a guje ko mayafi babu ba. Ta tarar yarinya ta sa ƙafa ɗaya cikin keke mai ƙafa uku, wani na zaune a ciki ya riƙe mata hannu. Ihunta ya fito da mutanen layi, ɓarayin suka hankaɗo yarinyar ƙasa suka fizgi keken. Ta kuje a gwiwa da haɓa. Takalminta ƙafa ɗaya ya tafi da su.

Da na dawo na ji abin da ya faru. Muka kai rahoto wurin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce za a bincika. Bayan kwanaki ina zaune a shago sai saƙo ya shigo daga mai hoton fure. Hoton ɗan takalmin ne, ruwan hoda, an ajiye shi a kan wata tabarma. A ƙasa ya rubuta cewa ranka ya daɗe, a gaida Manaja, za a kawo mata kayanta. Kafin in nuna wa kowa shafin ya ɓace. Har yau ban san fuskarsa ba, shi kuwa ya san tawa, ya san ƙofata, ya san kwatar layinmu. Duk wanda ya tsaya cinikin taya da farin yadi sai in ƙura masa ido. Na goge bidiyoyina kaf, amma bayan wata guda na ga wasu suna yawo a shafukan da ban sani ba, ga ni ina washe baki ina nuna allon makarantar 'yata.

Mun mayar da ita gidan Yayana a Unguwar Sarki, an canja mata makaranta. Ranar da na je dubata na ce Manaja, sai ta ja baya ta ɓuya a bayan matar Yaya. Ban sake kiran sunan ba.

Don haka nake roƙon masu karatu, musamman iyaye masu son raha irina. Abin da kuke sakawa ba maƙwabta kaɗai ke gani ba. Akwai mai kallon da ba dariya ta kawo shi ba, tsinta yake yi, yau sunan makaranta, gobe lokacin tashi, jibi ranar da ba ka gari. Kada ku nuna inda yaranku suke karatu, kada ku sanar da tafiya sai kun dawo, kuma wanda ba ku san fuskarsa ba, komai daɗin bakinsa, ba dole ne ku amsa masa ba.

Ni dai ko a ranar ban gama hankalta ba. Da Yaya ya rako ni bakin titi, na fara ce masa lallai mutanen nan manyan ƙwararru ne, ƙila daga ƙasar waje aka ɗauko su da na'urori, tunda har suka iya da mai makulli uku. Ya tsaya ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce in daina wahalar da kaina, ba wanda ya taɓa wayata. Tambayata kawai aka yi, ni kuwa tun ina yaro ba a taɓa tambayata abu ɗaya ban ba da amsar uku ba.