Shiru, Malam Sule Na Sauraron Famfon Mai

"Kowa ya yi shiru!" Duk wanda ya taɓa shiga gidan Malam Sule da hantsi ya san wannan tsawar. Zai zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, ya murɗa makulli rabi, ya ɗaga ɗan yatsa sama, ya karkata kai. Irin motarsa, kafin a tayar da ita, famfon mai da ke can baya kusa da tanki yakan yi ɗan gurnani na numfashi biyu. To wannan gurnanin Malam ke jira. Matarsa Hajiya Asabe sai ta tsaya da taɓarya a sama. An taɓa aikawa maƙwabta su kashe injin markaɗe. Ran nan zakara ya yi cara a daidai lokacin, Malam bai ko waiga ba ya ce, "A yanka wannan gobe."

Ni abokin wasansa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, saboda haka ni kaɗai ke da lasisin yi masa dariya a gabansa. Ɗan Gwaggo yake kirana. Shekara talatin yana aikin malamin dabbobi, ya saba kafa kunne a cikin saniya ya gane abin da ke damunta, da ya yi ritaya sai ya sayo wata tsohuwar mota da aka jawo da igiya har tsakar gidansa. Ya ce ita ma kunne take so.

Na ce, "Malam, wannan ai gawa ce."

Ya ce, "Suma ta yi. Saura waya ɗaya."

Jama'a, shekara tara muna jin "saura waya ɗaya"!

Ba sha'awa kawai ba ce, akwai alkawari a ciki. Ranar da aka kawo Hajiya Asabe amarya daga Baure, a bayan a-kori-kura aka kawo ta, tsakanin buhunan gero da akuya biyu. Abin ya tsaya wa Malam a rai. Ranar da motar ta shigo gida ya tsaya gaban kowa ya ce da hannunsa zai mayar da Hajiya Baure ta gaida yayarta, a kujerar gaba, gilashi a sauke. Hajiya ta ci gaba da zuwa a motar haya abinta, amma a wurin Malam wannan ba ya cikin lissafi.

Cutar farko fiyus ce. Da an murɗa makulli sai fiyus ɗin famfo ya ƙone. Malam kuwa ba ya sayen abin da yake ganin zai iya ƙerawa. Sai ya gano takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe dunƙulen magi tana ɗaukar wuta. Hajiya ta buɗe kwanonta za ta ɗora miya, ta fito tana salati.

"Wa ya tuɓe mini magi gaba ɗaya?"

Malam ya ce, "Aro na yi. Shiru!"

Ya naɗe fiyus, ya cusa, ya murɗa makulli. Sai ga hayaƙi daga ƙarƙashin sitiyari, da ƙaurin roba. Ni na yi waje da takalmi ɗaya. Shi kuwa yana zaune cikin hayaƙin yana murmushi.

"Alhamdu lillahi! Ɗan Gwaggo, ka gani? Wuta na zuwa ke nan."

Bayan ya canza wayoyin da suka narke, sai zargi ya koma kan rile, wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana da ke sakar wa famfo wuta. Iro mai wayarin ya ba shi shawara ya gwada musanya shi da na oda, tunda iri ɗaya ne. Malam ya ce ya ji. Amma da ya dawo gida sai ya ga ai musanya ɓata lokaci ce, ya jawo wayar famfo ya haɗa ta kai tsaye da ta oda, ya ƙara wata waya daga famfon zuwa jikin mota. Ya danna oda, ya murɗa makulli, mota ta tashi! Ya saki oda, ta mutu.

Ya dube ni. Na dube shi. Ya ce, "Shigo."

Wallahi haka muka fita, hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan oda, ba sassautawa. Muka miƙa wajen Kusugu. Masu babur na kaucewa, awaki na tsalle, mata na leƙowa ta katanga, wata har da guɗa. Wani ya biyo mu yana tambaya, "Wa aka aurar?" Sai muka iso ƙofar wani masallaci, malami na ba dattawa karatu a inuwa. Malam Sule mutum ne mai ladabi, ya ɗage hannu. Mota ta yi tari biyu, ta tsaya cak a gabansu.

Malamin ya rufe littafi ya ce, "Allah Ya yi albarka, Malam Sule. Amma in da hali a tura ta gaba kaɗan."

Ni na tura, da babbar riga. Shi yana ciki yana leƙowa: "Ka gani? Motata ta fi ka sanin darajar malamai."

Ya warware wannan haɗin, ya mayar da komai yadda yake, famfo ya koma shirunsa. Da ƙyar na jawo Iro har gida. Iro ya shiga ƙarƙashi da ɗan ƙwan gwajinsa, bai yi minti goma ba ya fito yana kakkaɓe wando.

"Malam, ba famfo ba ne, ba rile ba ne. Wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar ce ta yi tsatsa. Wuta na zuwa, ba ta samun hanyar komawa. Ai ƙarin wayar da ka sa ran nan ita ta tashe ta. A goge da sanfefa, shi ke nan."

Ran Malam ya ɓaci. "Shekara bakwai ina fama, ka zo ka ce mini tsatsa?" Ya fi shekara bai taɓa wayar nan ba, don kada a ce Iro ya yi gaskiya. Daga baya ya goge ta a ɓoye. Mun sani ne saboda Hajiya ta tsinci sanfefa a aljihunsa wajen wanki.

Amma ko bayan haka, kullum "Shiru!", kullum sai ya girgiza kai ya zare makulli. Dokarsa ce ba a tayar da inji famfo bai yi magana ba, wai kashe batir ne. Sai ya sake kwance wayoyi ya ɗaura.

Wata Laraba aka aiko cewa yayar Hajiya ba ta da lafiya sosai. Na zo gidan, na tarar Hajiya ta shirya jaka, tana zaune kusa da tayar baya. Malam ya ce a ba shi gwaji ɗaya. Ya yi tsawarsa, ya murɗa makulli. Sai na ji gurnanin famfon, raɗau: zzzz! Na buɗe baki zan yi ihu, Hajiya ta watso mini harara. Malam ya girgiza kai, ya fita neman filaya.

Na ce, "Hajiya, kin ji kuwa?"

Ta ce, "Wata uku ke nan ina ji."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Shi ya ce a yi shiru." Na fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta rage murya ta ce, "In na ce na ji, shi bai ji ba, ai na gaya masa kunnen ya tafi ke nan. Da kunnen nan ya ciyar da mu."

Nan take na daina dariya.

Da ya dawo sai ta ce, "Malam, da kana duba shanu na ga har hannu kake ɗora musu a ciki. Ita wannan ba a yi mata haka?"

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya miƙo mini makulli, ya durƙusa, ya zura hannu ya dafa famfon. Na murɗa. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na tabbata ya gane duka. Ya miƙe yana share ido da hannun riga.

"Ai tun kafin in taɓa na ji. Hajiya, kujerar gaba!"

Bugu ɗaya ta tashi. Muka bi ta Sandamu, ni a baya da jarkar mai, Hajiya a gaba, gilashi a sauke, iska na neman ƙwace mata mayafi ta ƙi ɗaga gilashin. Muka tarar da yayarta da sauran ƙarfi, har ta sa aka riƙo ta ta leƙo ta ga motar. Malam ya zagaya ya buɗe wa Hajiya ƙofa da kansa.

Bai ga damina ta gaba ba. Motar na nan inda ya bar ta, ni ke kai batir caji. Duk Juma'a da hantsi Hajiya takan zauna a kujerar direba ta murɗa makulli rabi, gidan kuwa ya yi tsit ba wanda ya yi tsawa.

Allah Ya jiƙan Malam Sule, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a yi wa masu cika alkawari sallama a ƙofar Aljanna, Allah Ya sa ya ji ta da kunnensa biyu. Amin.