Ranar da Muka Guje wa Masu Gadinmu

Gonar albasarmu tana fadama, inda ƙasar Wurno ta haɗu da ta Rabah. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa mana, sojoji kashi biyu aka kawo, kowane da ogansa da iyakarsa. Na wajenmu, wato Wurno, suna da yawa, amma motarsu ɗaya ce, ita ma sai an tura. Na Rabah kuwa motoci gare su, mutane kaɗan. Namu su raka mu zuwa kwalbati su tsaya, waɗancan su juya daga wata tsamiya, gonarmu kuma tana tsakiya, ba mai ita.

Ganyen albasa ya kwanta, zafi ya shigo, kowa ya san in ta ƙara mako a ƙasa ruɓewa za ta yi. Ita ce cinmu na shekara. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya daina cin abincin kirki. Ni kuwa haushi kamar in fashe, har na daina gaida sojojin, ko da yake na san umarni suke bi.

Wata safiya muka yi shahada muka tafi, mu da maƙwabta. Ko fartanya ba mu kafa ba sai ga motoci uku daga gabas, cike da masu kaki. Gabas nan ce hanyar ɓarayi, su ma kaki suke sawa, mu kuma namu sojojin ba mu taɓa ganinsu ta can ba. Muka watse. Ni da nake cika baki a majalisa, ni na fara faɗawa cikin lambatu, laka har wuya.

Kawu ƙafa ta ƙi, sai ya zauna bisa kunya yana salati. Can na ji muryarsa:

"Ku hito! Namu na! Ga dogon sojan nan mai sayen hura wurin innarku!"

Na ɗago kai. Shi ne kuwa, zaune a bayan motar Rabah, yana dariya har da riƙe ciki. Ashe ogannin biyu sun zauna sun shirya, namu su ba da mutane, na Rabah motoci da mai, a tsare fadamar tare har a gama cira. Ba wanda ya tuna ya gaya mana.

"To gayya kunka yi ke nan," in ji Kawu, yana duban sojojin. "Mi ya hana tun hwarko?"

Na fito daga lambatun, laka na ɗiga daga jikina. Kawu bai jira amsa ba. Ya sa hannu ya tumɓuke albasa ɗaya, ya karkaɗe ƙasar, ya danna wuyanta da babban yatsa. Ya daɗe yana dannawa, sannan ya miƙo mini.

"Taɓa ka ji, ɗana. Da ƙarhinta."