Gayyar da Aka Yi wa Armiya'u

Armiya'u mutumin Dauran ne, manomin gero da dawa, mai yawan tsaki. Gonarsa jigawa ce a kan gangare. Kowace damina sai ruwa ya kwashi ƙasarta ya kai rafi, har da takin zamanin da ya zuba, ya bar masa rairayi fari tas.

Shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun nomansa, ya rasa abin huɗa. Haka ya ɗauki sungumi ya yi shuka a tsakanin karan bara da ke kwance, bai share ba, bai ƙona ba. Ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, geron maƙwabta ya yi yaushi, nasa kuwa ko a jikinsa. Ya tona ƙarƙashin karan da yatsa, ya taɓa danshi. Da ya ba malamin gona labari a kasuwar Zurmi, sai malamin ya ce ai wannan noma ne sananne: a bar kara ya rufe ƙasa, a rage juya ta, a riƙa haɗawa da wake. Tun daga nan Armiya'u ya rabu da garma.

Sai dai a Dauran, karan da aka bari a gona ba shi da mai shi. Mata su ɗiba su hura wuta, masu danni su ɗaure dami-dami su wuce, makiyaya su sako shanu. Duk rani yana zarya tsakanin gida da gona, yana rantsuwa cewa karan nan ajiya ce. Ga ciyawa kuma, wadda a shekarun farko ta nemi ta karya masa baya.

Wata rana matarsa Suwaiba ta dawo daga gidan suna rai a ɓace.

"Malam, har tambayata ake ko lafiyarka ƙalau. Sun ce gonarka kamar wadda mai ita ya mutu."

"Ki ce su zo su leƙa rumbuna."

"Rumbu a rufe yake, Malam. Gona ce a bakin hanya."

Ya yi tsaki ya fita. Shi dai ya san abin da yake gani. Ƙasar ta fara yin duhu, gara ta cinye karan ta bar ƙananan ramuka, tana, tsutsar ƙasa, ta dawo, kuma in an yi ruwa sai ya ga yana nutsewa maimakon ya gangara rafi.

Ana nan, wata bazara zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Kaura Namoda. Yayansa Dalhatu, mutum mai son zumunci, ya ga damina ta ƙarato, sai ya kira gayya. Aka share gonar ƙal, aka tara karan aka cinna masa wuta, aka ari shanu aka ja kunya-kunya har ƙasan gangaren.

Ran da aka sallamo shi, mai babur ya biyo da shi ta bakin gonar. Armiya'u ya ce a tsaya. Ya sauka, ya daɗe yana kallon toka. Bai wuce gida ba, ƙofar Dalhatu ya nufa.

"Yaya, mi na yi maku?"

"Zumunci munka yi," in ji Dalhatu yana murmushi. "Ina raye a ce gonar ƙanena ta zama bola? Har tuwon gayya ni na ɗauki nauyi."

Ba a ɗaga wa babba murya. Armiya'u ya juya ya tafi gida. Washegari kuma dole ya bi gida-gida da sanda a hannu, yana yi wa 'yan gayya Allah ya saka da alheri. Suwaiba ta ce da ya dawo ko fura bai iya sha ba.

Ruwan farko ya kwashi tokar da ƙasar sama ya yi rafi da su, yana tsaye yana kallo. Amma ƙarfin da gonar ta tara a shekarun baya bai ƙare lokaci ɗaya ba, gero ya yi kyau a shekarar. Dalhatu kuwa duk inda ya zauna sai ya ce, "Kun gani? Shara guda munka yi mata ta farfaɗo."

Bayan girbi Armiya'u ya sake kwantar da kara, ya fara daga farko. Yanzu in bazara ta shigo, ko ciwon kai ya ji, sai ya haɗiyi magani ya saɓi sungumi, ya gargaɗi Suwaiba kada ta yarda labari ya kai kunnen Yaya.