Ni Na Ci, Sadiku Ya Rame

Akwai ranar da ko daga barci aka tashe ni sai na ba da labarinta. Amma ku fara sanin ko ni wane ne a lokacin. Shekara goma sha huɗu ina aiki a ƙananan asibitocin karkara tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ba a taɓa kawo mini yaro mai ƙin abinci ya fi ƙarfina ba. Har nakan ce ko ɗan kada aka kawo mini, sai ya sha kunu ya yi gyatsa ya nemi ƙari.

Dabarata guda ce. In zauna gaban yaro da kwanonsa, in kai loma bakina, in lumshe ido ina santi, har kwaɗayi ya sa ya fizge kwanon. Yawancin yara tsirfa ce kawai, kuma tana wucewa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, Talata ce ranar awo a wajenmu. Mukan ɗora yaro a sikeli, mu zagaya masa tef a damtse. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa tamowa ta kama shi. A irin wannan Talata, cikin damina, aka kawo Sadiku, ɗan shekara biyu da rabi. Kakarsa, Hajiya Dije, ita ce a gaba. Uwarsa Hauwa na baya, kai a sunkuye.

"Likita, wanga yaro bai cin komi sai koko tatacce," in ji Hajiya. "Taurin kan ubanshi ne ya ɗauko. Na yi ɗura har na gaji. In kai ma ka kasa, wanzami za ya cire mashi belu."

Na ce, "Hajiya, a bar ɗura, a bar wanzami. Ba ni mako biyu."

Tef ɗinsa yana kore, amma a bakin rawaya. Na sa su riƙa zuwa da abinci duk bayan kwana biyu. Hajiya kuwa ba ta wasa da girki. Faten wake da manja, dambu, tuwon dawa miyar kuka da man shanu. In zauna in yi santi, Sadiku ya zuba mini ido kamar mai kallon mahaukaci a kasuwa. In na kai masa cokali sai ya kau da kai, ya yi kakarin amai tun abin bai taɓa leɓensa ba. Na yi kukan akuya, na mai da cokali babur. Ranar da ya karɓi loma ɗaya na kusa yin guɗa, ashe a kumatu ya ajiye ta har aka yi azahar.

Mako biyu suka zama huɗu. Tef ya shiga rawaya. Kaina ya ɗaure tamau. Ba zazzaɓi, ba gudawa, na duba baki ba gyambo. Na ba da maganin tsutsa, shiru. Da na tambayi Hauwa sai kakar ta amsa, ni kuma in rubuta. Hajiya ta ce ta riga ta yi wa wanzami magana, ranar Juma'a zai zo.

Shugabar asibitinmu, Sista Rabi, ta duba katin awon, ta dube ni.

"Malam Lawal, wa ka tambaya labarin yaron nan?"

"Kakarsa mana, Sista."

"Ɗan fari ne?"

Sai a lokacin na gane kuskurena. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta yi zancen ɗanta na fari a gaban surukarta? Ko sunansa ba ta faɗa. Wata guda cur, wadda ta fi kowa sanin ciwon tana zaune gabana, kunya ta rufe mata baki, ni kuma ina can ina kukan akuya.

Sista ta ce in raka Hajiya a gwada mata hawan jini. Da muka dawo idon Hauwa ya yi ja, ta gama gaya wa Sista komai. Ashe tun yaye, duk abin da ke da gudaji sai ya shaƙe shi. Yana tari in yana ci, idonsa ya kawo ruwa, sau uku yana ciwon ƙirji. Ɗurar nan kuma ta sa ko kwano ya gani sai jikinsa ya ɗau rawa.

Sista ta ce wannan ya wuce tsirfa, ya wuce mu. Yaron da ke shaƙewa, nauyinsa na raguwa, abincin da yake karɓa bai kai yatsun hannu ɗaya ba, sai babban asibiti, inda akwai masu duba haɗiya da koya wa yara tauna daki-daki. Ta rubuta takardar turawa zuwa Katsina, ta zauna da Hajiya har ta haƙura da wanzami.

Sun yi watanni suna jeka-ka-dawo a motar haya. Ranar da suka dawo awo tef ya koma kore, Sadiku na riƙe da dafaffen dankali yana gatsa. Tun daga nan nake gaya wa sababbin ma'aikata: ku san iyakarku, kuma ku nemi wadda ta yi shiru a ɗakin.

Na gyara murya na ce, "Hajiya, kin ga aikinmu ko?"

Ta dubi tumbina ta ce, "Na gani, ɗan nan. Wata guda ina yi wa jikana girki, kai ka yi kumatu. Hau sikelin mu ga inda wakena ya tahi."