Mashin ɗin da ya kwana a Shinkafi

A bazarar nan da ta wuce, cikin shekarun da fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi, na sayar da bijimina guda don in sayi mashin na hannu. Gwiwata ta dama ta daina yarda da keke, gonata ta fadama kuwa tana da nisa daga gida. Kuɗin bijimin nan su kaɗai gare ni. In na sayo ruɓaɓɓen ƙarfe, to ba sa, ba abin hawa, damina kuma ba ta jiran mai ciwon ƙafa.

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Zurmi, ni da taubashina, ɗan kawuna, wanda ya daɗe yana kabu-kabu. Na ɗaure kuɗin a ƙugu ƙarƙashin taguwa. Direba bai tashi ba sai da motoci suka taru aka yi ayari, haka tafiya ta koma a yankinmu. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani. Muka yi addu'ar hawa, Allah Ya kai mu Kaura Namoda lafiya da hantsi.

Muka karya da waina da shayi wajen wata mata 'yar kudu, Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Daga nan taubashin ya kai ni rumfar wani dillali, inda mashina ke jere a inuwa. Idona ya faɗa kan wani ja, fentinsa na ɗaukar ido, an yi wa kujerarsa riga mai geza. Na tsaya ina kallo har bakina ya buɗe.

“Rufe baki, bawana,” in ji taubashin. “Kana ƙara mishi kuɗɗi.”

Ya durƙusa ya fara aikinsa, ni kuma ina biye ina koyo. Ya ja sarƙa ya ga sakinta, ya duba haƙoran da take hawa ko sun cinye sun yi tsini. Ya girgiza tayar baya hagu da dama. Ya danna gaban mashin ya saki, ya leƙa ƙarƙashin tanki yana neman inda aka yi walda, domin mashin da ya taɓa karyewa ba ya sake tafiya miƙe. Dillali ya taka sau ɗaya, inji ya kama, ƙara mai daɗi. Ya rantse mana cewa tun jiya da la'asar ba wanda ya taɓa shi.

Amma kafin ya taka, na riga na ɗora tafina a jikin injin da bisimilla, yadda nake ɗora hannu a haƙarƙarin sa in zan saya. Na ji shi da ɗumi, alhali yana inuwa. Na yi shekaru ina shiga kara, wato kasuwar dabbobi, na san yadda ake ba dabba kanwa ta sha ruwa ta cika ciki kafin mai saye ya iso. Mu a wajenmu, dabbar da aka yi shakka a kanta, kwana ake bari ta yi a gan ta da safe. Sai na ce wa dillali a bar mashin ya kwana a kulle, in zo da asuba in tada shi da ƙafata.

“Malam, ai ba akuya ba ce,” ya ce. “Akwai mai zuwa da kuɗɗi yanzu.”

Taubashin ya zare ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa. Man ya yi kauri yana ja kamar zuma. A kan hanya ya gaya mini irinsa ake zuba wa tsohon inji don ya ɓoye ƙwanƙwasa. Na yi wa dillali fatan alheri muka fita, amma gaskiya sai da na waiwayi jan mashin nan.

Bayan azahar muka shiga motar Shinkafi, don washegari kasuwa ke ci. Hanya ta yi ramuka, zafi kamar a bakin murhu, gonaki duk an share ana jiran ruwa. A Katuru muka sayi fura da nono wajen Fulani, mai sanyi daga ƙwarya, ta mayar mini da raina. Muka sauka gidan wani abokin karatuna na zaure, wanda rabona da shi tun aurar da 'yarsa.

Gari na wayewa muka shiga, kasuwar Shinkafi sai wanda ya gani. Raƙuma, shanu, buhunan gero, albasa, mutanen Nijar da rawunansu suna lissafi da nasu kuɗin. Na ci hoce da ƙuli har na manta abin da ya kawo ni. Can gefen masu faci muka tarar da wani dattijo mai sayar da albasa, zai rabu da mashinsa don ɗansa ya saya masa mai ƙafa uku. Mashin baƙi ne, kujera a yage an ɗaure da roba, madubi ɗaya, tanki ya lotsa inda buhu ke zama. Na ce mu wuce. Taubashin ya riƙe mini hannun riga.

Ya hau ya zagaya, ya dawo yana murmushi. Giya na shiga ba gardama, birki na kamawa, mai bai ɗiga ta ko'ina. Ya sa ni tara tafi a bakin salansa yana murza wuta. Ba hayaƙi, tafina kuma bai yi maiƙo ba. Dattijon da kansa ya ce tayar baya ta ƙare, fitila kuma sai an daka mata hannu. Ya ciro takardu daga leda, muka bi lambar inji da ta jikin ƙarfe harafi harafi, ina bi da yatsa yadda nake bin rubutun allo. Duk suka dace. A ƙasarmu yanzu wannan ya fi fenti, don mashin marar asali yana iya kai mutum inda bai yi niyya ba.

Na kawo wa dattijon maganar kwana ina jin nauyi. Ya yi dariya.

“Kai dai ɗan kara ne. Kai shi masaukinka, ka aje makulli ƙarƙashin matashinka. Ni ma in huta da shi.”

Da muka fito masallaci da safe, dattijon na tsaye a ƙofar zaure, maƙwabta ma sun fito kallo. Na taɓa inji, sanyi ƙalau. Na ce ni zan taka, tunda gwiwata ce za ta zauna da shi. Na taka, shiru. Na sake, shiru. A na uku gwiwa ta amsa har cikin ƙugu, na ji bijimina ya tsaya mini a rai. Sai dattijon ya matso a hankali.

“Malam, makullin na aljihunka.”

Taubashin ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce zai ba da labarin nan a kowace tasha daga nan har Gusau. Na sa makulli na murɗa, na taka da rabin ƙarfi, inji ya kama nan take yana bugawa daidai. Na ce alhamdu lillahi a fili. Muka yi ciniki gaban mai masaukina da limamin unguwa, ya sallama, aka rubuta shaida, har ragowar kuɗi ta isa sabuwar taya.

A kansa muka komo, taubashin na tuƙi ina baya, muna bin ayarin motoci, iska na cika mini riga. A shingen jami'an tsaro aka nemi takardu, aka duba lamba, aka ce mu sauka lafiya. Muka shiga Zurmi kafin la'asar. Mai ɗakina ta zagaya mashin ta dubi yagaggiyar kujera, ta shiga ta fito da allura da tsohon buhu.

Abin da na samo a tafiyar nan, ga mai niyyar saye: ya tafi da wanda ya san ƙarfe, ya karanta lamba da idonsa, ya taɓa inji kafin a tada shi, kuma ya nemi a bar shi ya kwana. Mai kayan kirki ba ya jin tsoron safiya. Ruwan shuka ya sauka cikin makon nan. Na ɗaure iri a baya na tafi fadama ni kaɗai, a giya ta biyu saboda tsoro, na shuka gonata duka, na dawo na sami azahar a sahun farko.