Gwangwanin Irin da Yaya Mamman Ya Bari

Shekara shida ke nan cif da muka kai Yaya Mamman makwancinsa, kuma har yau akwai tambayar da ban samu na yi masa ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke gadin wani bene a Shisha, a nan Makka. Bayan benen akwai fili mai katanga wanda maigidan bai kai ga ginawa ba. Ruwa bai cika sauka a garin nan ba, amma in ya sauka, kafin wata guda filin ya yi kore shar, filasko ya fid da fure rawaya, nobe na ƙamshi, zuma na ta kaiwa da komowa.

Maigidan ya tsani filin, wai maɓoyar macizai ce. Duk sanda ya ce a share, Yaya zai sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, cikin Harami muke. Abin da ya tsiro da kansa mamnu'i ne, an hana a yanke shi yana ɗanye." Dattijon mai tsoron Allah ne, sai ya ce, "Halas, shi ke nan, in ya bushe."

In ya bushe ɗin ma Yaya ba ya gaggawa. An kawo masa injin yankan ciyawa mai zare, ya juya shi sau biyu ya mayar. Cewa ya yi yana aske ƙasa ƙwal, yana niƙe iri, ga jifa da tsakuwa. Lauje ya zaɓa. Yakan bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya shanya abin da ya yanka kwana uku, ya bubbuga da sanda iri ya zube, sannan ya kwashe tas ya ba masu awaki.

Ni dai tun can ban yarda da shi ba. Na fara zaton lalaci ne aka sa wa rawani, amma malalaci ba ya ƙin inji ya ɗauki lauje. Sai na lura filayen maƙwabta, ruwa ɗaya ke dukansu, ba sa yin rabin nasa. Ranar da na ga rai-ɗore a jikin katanga, irin na bayan gidanmu a Katsina, na ce, "Yaya, shi ma wannan da kansa ya zo?" Ya ɗaga kai ya kalli sama.

Abin da ya sa tambayar ke da nauyi, malamai sun ce abin da mutum ya shuka da hannunsa babu laifi a yanke shi. Da maigidan ya san akwai hannu a ciki, da filin bai kwana ba.

Bayan rasuwarsa, ina haɗa kayansa, na tarar da gwangwanin madara cike da iri a ƙarƙashin katifa. Na yi kuka, na kuma ji haushinsa. Ko daga filin ya tara, ko daga gida aka kawo masa, ban sani ba, kuma tambayar ke nan da ban samu na yi masa ba.

Yanzu ɗan maigidan ke riƙe da benen. Ya ce mini sai ciyawa ta bushe yake sa a yanke. Ban gaskata ba, don bara na wuce ana kaɗa inji, na ji ƙamshin ɗanyen ganye har bakin titi. Shekara uku ke nan ban ga fure ko ɗaya ba. Da Yaya zai leƙo, na san ba zai yi faɗa ba. Zai tsuguna ya damƙi ƙasar, ya duba ko da sauran iri a ciki.

Makon jiya aka yi ruwa. Na rufe shagona a Kudai, na hau tasi zuwa Shisha da gwangwanin a aljihu. Ban san ko irin da ya shekara shida yana da sauran rai ba, amma na watsa rabi ta kan katanga, na ajiye rabi.

In ya tsiro, ɗan maigida zai tambaye ni, don ya gan ni a unguwar. Ƙarya dai ba zan yi a Makka ba. Zan ɗaga kai in kalli sama.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe mana ni da kai.